Godiya bayan dare uku a kan dandamali

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, wasa ya tashi lafiya. Dare uku muka yi, ni da 'yan ƙungiyarmu ta sa-kai, muna nuna The Beggar's Opera, wani tsohon wasan kwaikwayo na Turanci mai waƙoƙi, a ɗan zauren unguwarmu a nan Landan, kuma sai yau Litinin muryata ta fara dawowa.

Godiyar farko ta uwargida ce. Saura kwana biyu a fara, mura ta shaƙe ni, ko sallama ba ta fita. Ita ta tsare ni da citta da kanumfari da zuma a filas. Tana zaune a bayan labule, duk shigowar da na yi sai ta miƙo kofi, ba ta ce uffan ba, ita da tun farko ta ce me ya haɗa magidanci da hular gashi. Allah Ya saka da alheri, maman yara.

Sai 'yan'uwan da suka taso daga garuruwa masu nisa cikin wannan sanyi, wasu da goyo. Da yawanku kun tare ni a bakin ƙofa kuna tambayar asalin wasan, ni kuwa babu bakin amsawa. To, bari in biya bashi.

John Gay ne ya rubuta shi. Tun 1716 marubuci Jonathan Swift ya ba da shawara, cikin wasiƙar da ya aika wa marubucin waƙoƙi Alexander Pope, cewa a yi wani abu a kan ɓarayin gidan yarin Newgate. A zamanin, manyan Landan opera ta Italiya suke yayi, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, labarin sarakuna da jarumai cikin harshen da yawancinsu ba sa ji. Sai Gay ya juya musu kwanon. Ya kwaso karin waƙoƙin da kowa ya sani, na titi da na mashaya, har 69, ya ɗora musu sababbin baitoci, ya sa su a bakin 'yan fashi. Gidan wasa na Drury Lane ya ƙi karɓa. John Rich ya karɓa, aka buɗe a gidan wasansa na Lincoln's Inn Fields ranar 29 ga Janairu 1728, aka nuna shi sau 62 a kakar farko, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ribarsa ta taimaka wa Rich ya gina gidan wasa na Covent Garden a 1732. Lavinia Fenton kuwa, wadda ta fito a Polly, jarumar wasan, wani basarake, Duke na Bolton, ya ɗauke ta daga dandamali, daga baya ya aure ta.

Ni a Peachum na fito, dillalin kayan sata, wanda in ɓarawo ya daina kawo riba sai ya miƙa shi ga hukuma ya karɓi ladan fam 40. Da mutumin gaske aka kwaikwaya shi, Jonathan Wild, wanda aka rataye a 1725. Amma masu kallo sun gane inda habaicin ya dosa, wato firaminista Robert Walpole. Da Gay ya rubuta ci gaban labarin sai aka hana nunawa, ya buga shi littafi a 1729.

Baffana ya ja ni gefe daren Asabar ya ce, "Kai, wannan Peachum ɗin na san shi, ofis ɗaya muka yi aiki." Na ce, Baffa, an riga ka. Bertolt Brecht da Kurt Weill sun ga irinsa a ƙasarsu, suka yi nasu salon wasan a Jamus a 1928, Wole Soyinka ya yi Opera Wonyosi a Ife a 1977. A nan Landan ma, da aka farfaɗo da shi a gidan Lyric na Hammersmith a 1920, sau 1,463 aka nuna shi. Mu da darenmu uku sai mu yi shiru.

Na gode wa dattijuwar Baturiyar da ta ɗinka mana kaya kyauta. A daren farko hular gashina ta zame tsakiyar waƙa ta rufe mini ido ɗaya, kuka yi dariya kuna zaton cikin wasan ne. Washegari ta zo da allura da zare ta ɗinke ta a jikin hular ciki, tana faɗa kamar kakata. Mai goge da mai fiyano, kun rufa mini asiri a inda numfashi ya yanke.

Wanda ya manta zannarsa a layi na uku, tana wurina.