Ranar da Na Raka Matuƙin Jirgi Wurin Aiki

Makona biyu ke nan da dawowa daga Amurka, amma har yanzu duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa sai ya sha labarin wata ranar Litinin. Ɗan yayata matuƙin jirgin sama ne, mataimakin kyaftin, yana shekararsa ta uku a wani babban kamfani. Gidansa na Houston a jihar Texas, nan na sauka. Da na tambaye shi inda yake kama aiki ya ce New York, sai na ɗauka zolayata yake yi. Tsakanin garuruwan nan akwai fiye da kilomita 2,200, tafiyar awa uku da rabi a sama, agogonsu ma ba ɗaya ba, na New York yana gaba da awa guda.

"To kai kullum ta yaya kake zuwa?"

"Ba kullum ba ne, Kawu, sau huɗu ko biyar ne a wata. Ka shirya ran Litinin mu tafi tare, gani ya kori ji."

Aikin nasa sai ran Talata ƙarfe shida na safe zai fara, Litinin ɗin ranar hutunsa ce a takarda. Amma da hantsi muna cikin mota, shi cikin kakinsa, ni cikin kaftanina da ya sa matarsa ta sake gogewa, wai masu irin tikitina ana duba shigarsu. Tikitin alfarma ne da kamfani ke ba ma'aikata su ba 'yan'uwa da abokai. Abin da na biya bai kai dala 80 ba, ina ta murna na yi tsintuwa. Sai a hanya yake gaya mini sauran zancen: ba ni da kujera. In jirgi ya rage gurbi bayan kowa ya shiga, a kira ni, in bai rage ba in jira na gaba. Kuma a jerin masu jiran tsammani, irina ne na can ƙarshe.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shi ma ba shi da kujerar. Kamfani bai san da zamansa a Houston ba. New York aka rubuta masa a matsayin tasharsa, can kowace tafiyarsa take farawa, can take ƙarewa. Yadda zai kai kansa ruwansa ne, kuma ba a biyansa ko sisi na awoyin hanya. Na ce to me ya hana ka komawa can da iyali? Ya lissafo mini tsadar haya, aikin matarsa, makarantar yara, da cewa Texas ba ta karɓar harajin jiha a kan albashi, New York kuwa tana karɓa. Na ce to ka nemi a mayar da kai tasha mafi kusa mana, ba ka da kowa a sama? Sai da ya yi dariya har da dukan sitiyari. A wurinsu komai lamba ce. Ranar da ka shiga kamfani ake ba ka lambarka, da ita kake neman tasha, da irin jirgin da za ka tuƙa, da ranakun hutu, kuma wanda ya riga ka ko da kwana ɗaya yana gabanka har ku yi ritaya. Sababbi su ake turawa inda manya ba sa so. Ni da na saba ganin takarda ɗaya daga hannun babba tana sauya wa mutum wurin aiki, sai na ja bakina na yi shiru.

Jirgin ƙarfe goma ya tashi ya bar mu. Akwai allo a bakin ƙofa da ke nuna haruffan farko na sunayen masu jira, ni ne na goma sha huɗu, gurbi kuwa biyu. Yaron nan bai ko ɗaga kai ba, yana ta latsa waya yana duba cikar jirage na gaba. Ya ce ƙa'idar kamfaninsu ita ce ya tanadi jirage biyu da za su kai shi kafin lokacin aiki. In duka biyun suka kuɓuce ba za a hukunta shi ba, amma kuɗin tafiyar da ya rasa sun tafi.

A jirgi na biyu ne na gamu da matar nan ta bakin ƙofa. Na matsa cikin ladabi, na gaishe ta, na tambaya ko akwai alamar zan samu. Ko kallona ba ta yi ba, ta ɗaga mini tafin hannu kamar mai tsayar da mota, ta ce in koma in zauna, in ana nemana za a kira. Da na ƙara kalma ɗaya sai ta ce in na sake tsayawa a gabanta za ta cire sunana. Mace sa'ar 'yata! Ko kwandastan tasha yakan ce "Baba, yi haƙuri" kafin ya hana ka wuri. Na juyo raina a ɓace, ɗan nawa ya riƙo hannuna yana raɗa: "Kawu, don Allah ka bar ta. Duk abin da ka yi a nan, a kaina za a rubuta, tikitin da sunana ya fita." Na haɗiye.

Can sai ga kyaftin ɗin jirgin ya fito ya tsaya wajen teburin. Na ga ɗana ya miƙe, ya cire hula, ya miƙa katin aikinsa da lasisinsa da takardar likita, yana roƙon a ba shi kujerar ɗakin matuƙa. Wata 'yar kujera ce mai naɗewa a bayan matuƙan biyu, ba a sayar da ita, kuma fasinja irina ba ya zama a kai ko nawa zai biya. Sai an tantance mutum a kwamfuta, sannan kyaftin ya ga dama. Wanda ya zauna a kanta ana lissafa shi cikin ma'aikatan jirgin, ko giya ba a yarda ya sha ba. Akwai wani matuƙin na wani kamfani da shi ma yake nema, amma ɗan gida ake fara ba wa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ja akwatinsa ya nufi wata ƙofar da sauri. Ni dai ina tsaye ina kallon yaron da muke alfahari da hotonsa a falo yana sunkuyar da kai don a rage masa hanya.

Ya shige ya bar ni da adireshi a waya. Na yi azahar da la'asar a wani lungu, na sayi ruwa gora ɗaya dala 5, da burodi mai ɗan kifi a tsakiya dala 14. Arhar tikitin nan tun a nan ta fara zubewa. Jirgin ƙarfe uku ne ya ɗauke ni, kujerar tsakiya a layin ƙarshe, jikin banɗaki.

Daga filin jirgin LaGuardia tasi ya kai ni Kew Gardens a yankin Queens. Unguwa ce da ke tsakanin LaGuardia da filin JFK, ma'aikatan jirage sun cika ta har ana tsokanarta da Crew Gardens, wato lambun ma'aikatan jirgi. Gidan da ɗana da wasu ma'aikatan jirgi ke hayar gado su kwana kafin aiki, daga waje kamar na kowa. Ciki kuwa sai na tuna makarantar kwana. Ɗakin da ɗana ya leƙa da ni yana da gadaje uku masu hawa biyu, kowane an kewaye shi da labule ko zanin gado, tagogi an toshe su da baƙin kyalle, fanka na ta gurnani don ta danne minshari. Da fitilar waya muka shiga, a kan yatsun ƙafa. Riguna farare masu igiyoyi a kafaɗa rataye a jere, akwatuna baƙaƙe iri ɗaya a ƙasa. A firji kowace roba da sunan mai ita. Gado iri biyu ne. Akwai "mai sanyi", naka ne kai kaɗai ko kana nan ko ba ka nan, shi yake biyan dala 350 a wata. Akwai "mai ɗumi", wanda ya fi araha, duk wanda ka tarar babu kowa ka shimfiɗa zaninka, wani lokacin da ɗumin wanda ya tashi. Na tambayi yadda suke gane wanda zai tashi ƙarfe uku da wanda ya shigo ƙarfe ɗaya. Ya ce ba a kunna ƙararrawa, a ƙarƙashin matashi ake sa waya ta yi ta kakkarwa.

Ƙarfe tara ya ce, "Kawu, ka yafe ni, dole in kwanta." Baƙo ba ya kwana a gidan, doka ce. Wani dattijon kyaftin mai furfura da muka tarar a kicin ya ce ya bar ni a hannunsa. Ya haɗa mini shayi, ya raba abincin da matarsa ta ƙullo masa daga Florida gida biyu, ya tura mini rabi. Shekararsa 62, saura uku doka ta sauke shi, don a 65 suke ajiye tuƙin jiragen fasinja, kuma ya fi shekara ashirin yana wannan zirga-zirgar. Da na ce abin ya yi kama da ganganci, bai musa ba. Ya ba ni labarin jirgin Colgan Air mai lamba 3407 da ya tashi daga Newark ya faɗi kusa da Buffalo ranar 12 ga Fabrairun 2009, mutum 50 suka mutu. Kyaftin ɗin daga Florida yake zuwa aiki. Mataimakiyarsa, 'yar shekara 24, daga Seattle ta taso, can ɗaya gefen ƙasar, ta kwana a hanya cikin jiragen kaya ta Memphis. Masu bincike sun ɗora babban laifin kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin da gudunsa ya ragu, amma sun yi magana a kan gajiya. Bayan nan ne aka sa sharaɗin awa 1,500 na tuƙi kafin a ɗauki mataimaki, kuma daga 2014 aka wajabta hutun awa goma kafin kama aiki, da damar barcin awa takwas a ciki. Sai dai tafiyar da mutum ya yi daga gidansa ba ta shiga lissafin aiki, shi zai sa hannu cewa yana da kuzari. Na tambaye shi ko ya taɓa ƙin sa hannun. Ya ce sau biyu, kuma bai yi nadama ba.

Shi ya raka ni da ƙafa har wani ɗan otal, ya ja mini akwati duk da na hana. Ɗakin bai fi shago ba, dala 190 kafin haraji, ruwan zafi sai ka yi ta jira.

Kwana uku na yi ina yawo a New York yayin da ɗana ke kewaya garuruwan da ban riƙe sunansu ba. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya ɓatar da ni sau biyu. Ran Juma'a da yamma muka haɗu a LaGuardia, idanunsa sun yi ja. Wannan karon ni na samu kujera a jirgin farko, ta ɗakin matuƙa kuma wani da ya fi shi lamba ya riga shi. Ƙarfe ɗaya na dare na ji yana buɗe ƙofar gida a hankali, takalmansa a hannu don kada yara su farka.