Farautar dare a kurmin Epe

Wanda ya taso a Arewa, da an ce farauta gayya ce ke zuwa masa a rai: mota cike da samari da karnuka, ga gora ga barandami, ana kiɗa ana kirari, a bazu cikin daji da rana tsaka. A gefen Legas ba haka ake yi ba. Kawuna mai sayar da awaki a Agege ne ya ja ni, don yana da aboki, wani dattijon maharbi Bayarabe a wani ƙauye kusa da Epe, wanda ya iya Hausa tun yana fataucin goro.

Mun tashi bayan sallar asuba don mu tsere wa cunkoson Mile 12, muka bi ta Ikorodu, Imota da Agbowa har Itoikin. Cikin watan Janairu ne, da gangan, domin da damina ƙasar wajen taɓo ce zalla. Ba mu ɗauko bindiga ba. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasisi, ga shingayen 'yan sanda a hanya, kuma baƙo da makami a wannan zamani ba shi da bakin magana. Ta Baba, wato dattijon maharbin, ce kaɗai za ta yi aiki, ita ma da takardarta.

Da isarmu ya kai mu gaida Baale, wato dagacin ƙauyen. Na ɗauka al'ada ce kawai, ashe tsaro ne. Kurmin nan da kake gani kamar ba na kowa ba, kowane yanki da mai shi, akwai gonakin rogo a ciki, akwai tarkunan waya da wasu suka ɗana. In gari bai san da shigarka ba, ɓarawo za a ce, ko abin da ya fi haka muni.

Bayan isha muka shiga, kowa da fitilar goshi da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Takalmin saboda kasa ne, macijiyar da ba ta gudu, tana kwance cikin busasshen ganye har ka taka ta. Baba ya ce in an yi sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, sai asibiti; shi ya sa aka bar babur da mai a bakin gona. Shi ne a gaba, bakin bindiga na kallon ƙasa, mu a baya a jere, ba mai ratsewa ko da fitsari ne sai ya faɗa. Wayata kuwa tun bakin ƙauye sabis ya ɗauke.

Can cikin sarƙaƙiya wasu idanu biyu suka yi ƙyalli. Zuciyata ta buga, na taɓa kafaɗarsa. Bai ko ɗaga bindigar ba. Ya yi fito, ya saurara, ya sake yi. "Ɗana," in ji shi, "ido ba nama ba ne. Sai ka ga jiki. Maharbi ɗan'uwanka ma yana durƙusawa a duhu." Abin ya sulale ya tafi, Baba bai ko yi tsaki ba. A ganina duk wanda ba zai iya wannan haƙurin ba, gara ya zauna a gida.

Mun ci karo da ɗankunya, dabbar nan mai cin tururuwa, ya dunƙule wuri guda, ɓawon jikinsa na sheƙi a hasken fitila. Baba ya kewaye shi muka wuce. Dokar kare namun dajin da ke ƙarewa, wadda aka kafa tun 1985, ta hana kama shi, ko da yake masu nemansa ba su daina ba.

Gab da asuba, a gefen gonar rogo, ya yi bisimilla ya harbi gyazbi. Da sauran ransa, sai Kawu ya zaro wuƙa ya yanka. Da na miƙa hannu zan ɗauka ya dakatar da ni, don ƙaya ta yage min yatsa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a Borno a 1969, daga ɓeraye ake ɗauka, shi ya sa duk naman daji mai kama da su ba a taɓa jininsa da ciwo a hannu. Aka babbake shi, aka wanke hannu da sabulu, aka ce sai ya dahu luguf.

Da hantsi muka biya kasuwar Oluwo a Epe, Kawu ya sayi tarwaɗa cikin bokiti, don gyazbi ɗaya ba zai zagaya gidansa ba.