Abin da na gani a Sanok wanda intanet ba ta nuna mini ba

Har yau ina jin haushin masu yaɗa zane-zanen Zdzislaw Beksinski, mai zane ɗan ƙasar Poland, a intanet. Ƙoƙon kai, kwarangwal, gine-gine kamar da ƙashi aka yi su, shi ke nan. Wasu har suna laƙaba musu sunaye, alhali mutumin ba ya sa wa zanensa suna. Da waɗannan hotunan na fara kwaikwayonsa. Kuɗin fenti ya ƙare ina ta labta baƙi da ja a kan yadi, abin ya ƙi fitowa.

Da karatu ya kai ni Poland, sai na hau mota daga Krakow zuwa Sanok, garin da aka haife shi a 1929. Gidan tarihin garin yana cikin tsohuwar fada, kuma wannan gidan ne Beksinski ya bar wa gadon ayyukansa, har ɗakin aikinsa na Warsaw an sake tsara shi a can.

Ayyukansa na farko su suka tsayar da ni. Zanen gine-gine ya karanta a Krakow, ya yi aikin duba gini, ya yi zayyanar motocin bas a masana'antar Autosan. A shekarun 1950 kyamara yake riƙewa: fuskoki a naɗe, bango mai tsagewa, haske daga gefe guda. Ya kuma yi ayyuka da ƙarfe da waya. Duk wannan kafin kwarangwal ɗin da aka san shi da su, waɗanda suka fara a ƙarshen shekarun 1960.

Na matsa kusa da wani zane har numfashina ya kusa taɓa shi. Ba a kan yadi yake ba, fentin mai ne a kan allon katako mai santsi, siriri, shafi kan shafi, da ƙyar ka ga sawun buroshi. Duhun da nake nema da tulin baƙin fenti, ashe haske ne aka auna da idon mai ɗaukar hoto. Gine-ginen nan masu ban tsoro kuwa tsaye suke daram, domin wanda ya zana su ya san inda nauyin gini yake sauka. Wace wayar salula ce za ta nuna maka wannan?

Ga kuma labarin mutuwar matarsa Zofia a 1998, da ɗansa Tomasz a 1999, da kisan da aka yi wa shi Beksinski a gidansa na Warsaw a 2005. A intanet da wannan ake fassara zanen, alhali an yi su shekaru da yawa kafin musibar ta zo. Wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Idan za ka je, ka fara da hotunan kyamara, ka ba su lokaci sosai. Ni tun da na dawo na ajiye yadi, na sa kafinta ya yanko mini alluna, kuma kullum da yamma ina fita ɗaukar hoton tsofaffin bangaye kafin in taɓa buroshi.