Sana'ar Ƙirga Shekarun Gini

Kamfaninmu ƙarami ne, mu 'yan kaɗan a gabashin Faransa, kuma abincinmu yana cikin tsofaffin rufi. Mai gini ya kira mu ya ce, "Yaushe aka gina wannan?" Shekara ɗaya tak yake so ya rubuta a allo. Mu kuwa sau da yawa shekaru uku ko huɗu muke miƙa masa, ransa a ɓace.

Duk yaron da na ɗauka aiki, garin Beaune nake fara kai shi, ko da yake ba mu muka yi binciken wurin ba. A 1443 Nicolas Rolin, wazirin sarkin Burgundi, da matarsa Guigone de Salins suka kafa asibitin talakawa a can, aka karɓi majiyyaci na farko a farkon 1452. Zauren marasa lafiya ya kai kusan mita 50, ɗakin ibada kuwa yana ƙarshensa, a ƙarƙashin rufi ɗaya, don wanda ba ya iya tashi ya bi addu'a daga gadonsa. Sai in ce wa yaron, to nuna mini abin da Rolin ya gani da idonsa. Nan take zai nuna fale-falen rufin nan masu ƙyalli da ake ɗauka a hoto. Ai an sake su ne tsakanin 1902 da 1907. Gadajen da yawancin adon zauren ma aikin mai zanen gine-gine Maurice Ouradou ne, a gyaran shekarun 1870. Takardar kafa asibiti gaskiya ta faɗa, amma ba ta san abin da aka yi bayanta ba.

Katako ya fi takarda riƙon amana. Mukan huda ginshiƙin rufi mu zaro siririn tsinke, kaurinsa bai wuce yatsa ba, mu goge shi har zoben da itace ke ƙarawa kowace shekara ya fito. Shekarar ni'ima zobe mai faɗi, ta fari siriri. Jerin nan muke gwadawa da na itatuwan yankin da aka riga aka san shekarunsu. In Allah ya sa akwai sauran ɓawo a gefe, shekarar da aka sare itacen ta fito ke nan, kuma kafintocin wancan zamani ɗanye suke aikinsa, ba sa ajiyewa ya daɗe. In gatari ya cinye gefen, sai dai mu ce "bayan shekara kaza".

Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne tsohon katako a sabon wuri, kamar yadda maginanmu na ƙasar Hausa ke cire azarar tsohon soro su ɗora a sabo. Ka ga rami a jikin ginshiƙi ba abin da ya shiga cikinsa? Daga wani gini ya zo. Shi ya sa ba na yarda a sa hannu a rahoto sai an huda wurare da yawa, an kuma duba sawun kayan aiki: na gatari daban, na zarton inji daban. Rabin kuɗin aiki ma wajen kafa tsani da katakan hawa yake tafiya, shi ne kuma mai gini ya fi ja-in-ja a kansa.