Ko lamba ta canza, hannu ba ya ɓuya

A gurup ɗinmu na gida a WhatsApp, ko mutum ya sauya layi ba sai an faɗa mini wa ya rubuto ba. Kawu sai ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da sanyi, kafin ya zo kan abin da ya kawo shi, wanda galibi layi ɗaya ne. Haka yake a zaure ma. In ka je da gaggawa, to ka nemi tabarma.

Ƙanwata kuwa "slm ykk" ta wuce, ba aya ba waƙafi. Ita dai kullum a makare take.

Wanda ya fi ba ni dariya mijin Yaya ne, Basakkwacen da ya daɗe a Kano. In yana cikin natsuwa, Kananci yake rubutawa tsaf, har lanƙwasar ƙ da ɗ ba ya bari, don mutum ne mai son tsari ko a jera takalma. Amma a taɓo maganar kuɗin gudummawar biki, nan take "mi kaka nuhi?" za ta faɗo, manyan baƙaƙe su biyo baya. Rannan sai da Inna ta kira shi ta ce ya kashe data ya je ya kwanta.