Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗan Marina da Farin Hannu

Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya leƙo ɗakin soro ya same ni ina buga katin sallah, ina jan tawada da roba a kan raga. Ya tsaya har na fitar da kati uku, sannan ya ce, "Ɗan marina da farin hannu? To, Allah Ya kyauta." Ya juya abinsa. Hannuna kuwa ranar jajir yake da tawada har gwiwa. Shi dai in ba shuɗin baba ba ne, fari ne.

Azumin 1998 ne, wanda ya faɗo cikin Janairu, hunturu na tsakiyar kaɗawa. Na ɗaura niyyar buga katin barka da sallah ɗari biyu. Kafintan bakin layinmu ya haɗa mini firam uku, na sayo raga da tawada da maganin shafawa a Sabon Gari da kuɗin adashin Inna, kuɗin da har gobe 'yan ɗakinmu ke cewa ban biya ba. Na biya. A gaban Goggo na ƙirga su, Allah Ya jiƙanta, da tana raye da ta faɗa.

Aikin ba wuya gare shi ba, rashin haƙuri ne ba ya so. Ka ja raga a jikin firam ta ɗaure kamar fatar kalangu, ka shafe ta da magani, ka ɓoye ta a duhu ta bushe. Ni ƙarƙashin gadon Inna nake turawa in saki zanin gado. Zanen kuwa da baƙar tawada nake yinsa a takarda marar kauri, in shafa mata man gyaɗa don haske ya ratsa. Sai a kifa zanen a kan raga, a danne da gilashi, a fitar rana. Inda rana ta taɓa, magani ya kama ya ƙafe. Inda baƙin zane ya kare, ruwa na zuba zai wanke shi, nan ce ƙofar da tawada za ta bi ta sauka kan kati. Gilashin nan na tagar Yaya ne na zare, bai gane ba sai da sanyi ya dame shi.

Ragar farko hazo ya cuce ni, rana ba ƙarfi, ina watsa ruwa komai ya bi kwata. Ta biyu na bar ta ta daɗe don haushi, ta toshe ƙurmus, ko ɗigo bai buɗe ba. A ta uku ne badala ta fito, da zankayenta, da jinjirin wata a sama, da dagi a kusurwa. Na ɗaga ta ga haske ina dariya ni kaɗai, bakina a bushe da azumi.

Kowane launi da ragarsa. Rawaya tukuna, ta bushe, sai ja, sai shuɗi. Na manna guntayen kwali a tebur don kowane kati ya zauna wuri guda, in ya goce ko da faɗin farce ne sai ka ga wata ya sauka daga kan soro. Iskar hunturu kuma na busar da tawada a cikin raga, in ka tsaya amsa sallama ka dawo sai wanki da kananzir. Shi ya sa na koma yi bayan asham, ƙofa a rufe, kati shimfiɗe a tabarmi saboda ƙura.

Shuɗin nan ne ya ci mini kwana biyu. Na yi ta ɗiga baƙi a ciki har ya yi duhun turkuɗi irin na karofinmu. Ba na ɓoyewa, don Baffa na yi.

Kuma wannan mutumin ne, bayan shekara shida, da aka tashi aurar da 'yar autarsa, ya kai katin ɗaurin aure wani shago, ni ina cikin gidan da raga goma sha. Aka bugo sunan kakanmu ba daidai ba, aka raba haka. Ban ce uffan ba. Lokacin ma katin sallah ya mutu, tun da wayar salula ta shigo a 2001 kowa ya koma tura saƙo, ni kuma na koma buga riguna da hulunan 'yan siyasa a zaɓen 2003. Farin hannun nan shi ya yi wa soron Baffa rufin kwano, amma wannan sai mun zo wurin.

Katin dai na sayar da ɗari da sittin, yawanci ga 'yan makaranta da masu zuwa gidan waya. Sauran Inna ta yi ta fifita wuta da su har babbar sallah. Ranar idi bayan an sauko, na zaɓi wanda shuɗinsa ya fi kama, na durƙusa na miƙa wa Baffa. Ya juya shi gaba da baya, ya murza da yatsa.

"Kwalin dai mai kyau ne," ya ce. "Nawa ka saye shi?"

Da yamma na gan shi a bakin karofi, an rubuta lissafin turamen wani ɗan Kura a bayansa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda Yaya ya gano maganar gilashi.