Kafin Ka Sauya Direba, Duba Wanda Ke Kai

Ranar Asabar da ta wuce na tarar da ɗan ƙanwata a tsakar gida, laftof a cinya, yana mitar intanet ɗinsa na jan ƙafa. Ya sauko da wata manhaja da ta ce masa wai direbobin kwamfutarsa, wato 'yan manhajojin da ke sa na'urorinta aiki, duk sun tsufa, ga wani ƙaton maɓalli kore yana jiran a danna. Na ce, "Dakata. Direban katin wayales ɗinka, wace lamba ce a kansa yanzu?" Ya ce, "Kawu, ai ba sai na sani ba, ita za ta yi komai." Gabana ya faɗi, don abin da na gaya wa kaina ke nan a 2002.

A lokacin ina tsaron shagon buga takardu na maigidana a Kano. Kwamfuta ɗaya ce ke da intanet, Windows 98 ne a kanta, da modem na ciki, wato katin shiga intanet, da ake jona wa wayar tarho ta tebur. Sai ka danna, ka ji tana buga lamba, sannan wannan ƙarar mai kama da kukan gyare, kafin ta kama. A jikin kwali an rubuta saurinsa 56k ne, amma ni ban taɓa ganin ta wuce 33.6 ba, wani lokacin 28.8. Kuɗin waya kuwa na tafiya muddin kana kan layi. Abin ya tsaya mini a rai.

Wani abokina ya ce direban ne ya tsufa. Direba ita ce 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da na'ura, kuma irin modem ɗinmu mai araha kusan duk aikinsa a kanta ya dogara. Abin da ya kamata in yi bai kai minti biyu ba. In buɗe shafin bayanan modem, in sa kwamfuta ta tambaye shi, ya faɗi ainihin abin da ke cikinsa, sannan in rubuta lambar sigar direban da kwanan watanta a takarda. Ban yi ba. Sunan da ke jikin kwali na bi. Ban san cewa katunan modem masu kama da juna na iya ɗauke da ƙwaƙwalwa daban ba, wani ta kamfanin Conexant, wani ta Lucent, wani ta Motorola, kuma direban wannan ba ya yi wa wancan. Na kwashe kusan rabin awa ina sauko da fayil ɗin da daddare. Da na zo sawa, Windows ta yi mini gargaɗi cewa ba na wannan na'urar ba ne. Na karanta da idona, na danna in ci gaba.

Da kwamfuta ta sake tashi, modem ya yi tsit. Ko ƙarar buga lamba babu, sai alamar motsin rai ruwan ɗorawa a gefen sunansa. Faifan da ya zo da shi na ara wa wani tun watanni, na manta wa. Windows XP, da ta fito a 2001, tana da hanyar mayar da tsohon direba da dannawa ɗaya, tamu ba ta da ita. Kuma abin da zan shiga intanet da shi in nemo gyara shi ne na kashe.

Zan faɗi gaskiya, ba laifina ba ne ni kaɗai. Shekarata 23, babu wanda ya koya mini, kuma maigida kullum faɗa yake kan kuɗin waya. Don in rage masa asara na yi. Amma kuma gargaɗin nan na gan shi, kuma kwana uku na ɓoye maganar, ina cewa layi ne ya lalace. Wannan ƙaryar ita ce ta fi ci mini rai.

A zamanin, mutane da yawa ba su da adireshin imel, da na shagonmu ake aiko musu da saƙo, mu buga a takarda mu ajiye musu. Akwai wani malamin makaranta da ke jiran amsa daga wata jami'a a ƙasar waje. Kullum bayan la'asar zai jingine kekensa ya leƙo: "Ɗan'uwa, an samu?" In ce, "Malam, layi ne." Sai a kwana na tara wani mai gyara a titin Beirut ya kwance kwamfutar, ya zaro katin, ya haska tocila a kan baƙar ƙwaƙwalwar, ya karanta sunan, ya ɗauko direban daga jakar faifansa. Da saƙonni suka sauko, na malam na ciki, ana neman amsarsa cikin mako guda. Wa'adi ya wuce. Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke, ya ce, "Allah bai nufa ba." Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Saurin kuma yana nan a 33.6, don mai gyaran ya ce tsohuwar wayar da ta shigo shagon ce matsalar tun farko.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari goma, sai na ga biyu ko uku kawai ke gare ni. Abin da ke aiki, ka bar shi. In ka ce sai ka taɓa, ka fara sanin me ke ciki, ka rubuta lambar siga da kwanan wata, ka ajiye tsohon direban a fulasha, kuma ka ɗauko sabon daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ba daga manhajar da ta tare ka a hanya ba.

Na ce ka bar shi, amma kada wani ya kafa hujja da ni ya shekara bai sabunta komai ba. Akwai sabuntawar da ke toshe ƙofar ɓarayi, wannan dole ce, yau ma ba gobe ba. Ta yaya za ka bambance? Ka karanta abin da aka rubuta! A nan ne yaran yanzu ke ƙona mini rai. Kuna da waya a aljihu da za ku bincika komai a cikin minti ɗaya, abin da da ina da shi da malam bai yi asara ba, amma layi biyu na gargaɗi ya fi ƙarfinku. Yatsa na riga ido. In kuma ka ɓata, ka faɗa a ranar.

Ɗan ƙanwata dai sai da na tsaya a kansa ya buɗe Device Manager, shafin da Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ya ɗauki hoton lambar da wayarsa yana ƙunƙuni. Direban nasa na bara ne. Da muka duba, datarsa ce ta kusa ƙarewa. Manhajar mai koren maɓalli kuwa, har na bar gidan bai goge ta ba.